Zuciya na lugude, gwaji kuma ya fito lafiya: wace na'urar ECG ce za ta kama matsalar?

Mutum yana zaune bayan la'asar, ba gudu ya yi ba, ba tsorata shi aka yi ba, sai zuciyarsa ta kama lugude. Minti goma, minti ashirin, sai ta koma daidai farat ɗaya kamar an kashe makunni. Washegari ya je asibiti, a manna masa wayoyi a ƙirji a yi gwajin ECG, wato zanen wutar zuciya, takarda ta fito, a ce masa komai lafiya lau. Takardar ba ƙarya ta yi ba. Sakan 10 kacal ta kalli zuciyar, alhali dare da rana sakan 86,400 ne. Kafin a kunna fitila ɓarawo ya tsallake katanga.

Daga nan shawarwari suke yawa. Wannan ya ce a sa Holter, na'urar da ake kwana da ita a jiki tana naɗar bugawar zuciya, wancan ya ce a sayi agogon da ke gwada zuciya, ɗan'uwa a Turai ya ce zai aiko da wata 'yar na'ura mai aiki da waya. Mai ƙaramin asibiti shi ma tambayar ke nan a gabansa: da kuɗin da ke hannu, wacce zai fara saye? Na'urori shida ne ake zaɓe a tsakaninsu, kuma kafin a taɓa maganar farashi sai an san abin da ake so takardar ta nuna.

Ma'auni na farko: me na'urar ke iya nunawa

A wurin baligi da ke hutawa, bugawa sama da 100 a minti ita ce saurin da ya wuce ƙa'ida. Amma lamba kaɗai ba ta faɗin cuta, shi ya sa abin awon hawan jini da abin da ake maƙalawa a yatsa ba sa cikin wannan jerin. Suna ƙirgawa ne, ba sa zana komai. Mai karanta ECG tambayoyi huɗu yake yi wa takarda.

Nawa ne saurin? Takarda tana tafiya milimita 25 a sakan, don haka ƙaramin gida na layukan da ke kanta sakan 0.04 ne, babban gida mai ƙanana biyar kuma sakan 0.2. Kowane tsini a zanen bugawa ɗaya ne. A ƙirga manyan gidajen da ke tsakanin tsini biyu, a raba 300 da su: gida uku 100 ke nan, gida biyu 150, gida ɗaya da rabi 200. In bugawar ba ta kan tsari wannan lissafi ba ya aiki, sai a ƙirga tsinin da ke cikin sakan 10 a ninka sau shida.

Tazarar da ke tsakanin bugawa ɗaya ce ko tana sauyawa? A ɗora gefen farar takarda, a sa alama a kan tsini uku, a zame ta gaba. In alamun sun ci gaba da faɗawa kan tsini, bugawar tana kan tsari. Ido kaɗai yana yaudara idan sauri ya haura 150.

Tsinin, wato QRS, siriri ne ko mai faɗi? Iyakar ita ce ƙananan gidaje uku, sakan 0.12. Siriri na nufin wutar da ke sa zuciya bugawa ta taso daga ɗakunan sama na zuciyar ta bi hanyarta ta asali. Mai faɗi na nufin ko dai daga ɗakunan ƙasa ta taso, ko ta bi ta ɓarauniyar hanya, ko hanyar ce ta toshe a wani reshe.

Ina ɗan tudun P, wanda ke nuna matsewar ɗakunan sama? Wannan ce tambayar da ke raba na'urorin, domin P ƙarami ne, kuma ya fi fitowa a mahangar na'ura da ake kira II da wadda ake kira V1.

Da amsoshin nan ake sa wa kowane sauri sunansa. Siririn tsini, kan tsari, P a gaban kowanne, saurin ya hau sannu a hankali ya sauka sannu a hankali: wannan zuciya ce lafiyayya da wani abu ke kora, zazzaɓin cizon sauro ko ƙarancin jini ko zubar jini ko bushewar jiki ko ciki ko yawan aikin tayirod. Da wuya ya wuce 220 a cire shekarun mutum, kuma maganinsa neman abin da ke korar. Siriri, kan tsari, 150 zuwa 250, babu P a bayyane, ya tashi farat ɗaya ya tsaya farat ɗaya: SVT ke nan, wato saurin da ke tasowa daga sashen sama na zuciya. Siriri, babu tsari ko kaɗan, babu P, layin ƙasa yana ta makyarkyata: karkarwar ɗakunan sama ce, wadda likitoci ke ce wa AF, mai haifar da gudan jini da shanyewar ɓarin jiki. Saurin da ya kafe a 150 ba ya gaba ba ya baya, a zargi fiffikar ɗakunan sama, wato fulota: ɗakunan suna bugawa kusan 300, rabi ne ke wucewa ƙasa, kuma alamarta zane mai kama da haƙoran zarto a mahangar II da III da aVF. Mai faɗi, kan tsari: a ɗauka VT ne, wato saurin da ke tasowa daga ɗakunan ƙasa, har sai an tabbatar da akasin haka, domin kusan huɗu cikin biyar na irinsa VT ɗin ne, musamman ga mai tsohon ciwon zuciya. Mai faɗi, babu tsari, sama da 200: AF ce a kan ɓarauniyar hanya ta WPW, wato ƙarin hanyar wuta da ake haifar mutum da ita, kuma a nan maganin da ake ba mai SVT, irin su verapamil da digoxin da adenosine, yana iya kashewa. Mai faɗi da tsininsa ke murɗewa yana girma yana ƙanƙancewa kamar igiya: shi ne wanda likitan Faransa François Dessertenne ya bayyana a 1966, wanda ke biyo bayan tsawaitar QT, wato tazara daga farkon tsini zuwa ƙarshen tudun da ke bin sa.

Kowace mahanga da na'ura ke kallon zuciya ta cikinta ma'aikata na ce mata "lid". A nan za mu kira ta taga. Mai taga ɗaya tana amsa tambaya ta ɗaya da ta biyu sosai, ta uku da ɗan dama, ta huɗu da ƙyar. Mai taga 12 tana amsa duka.

Sauran ma'aunai

Na biyu, tana jikin mutum a lokacin da abin ya tashi? Wannan lissafi ne kawai. Wanda abin ke zo masa sau ɗaya a wata, in aka sa masa na'urar awa 24, damar kamawa ɗaya ce cikin talatin.

Na uku, wa zai karanta? Hukuncin da na'ura ke bugawa a saman takarda ba hukuncin likita ba ne, kuma a wajen sauri ta fi yin kuskure.

Na huɗu kuɗi, na saye da na ciyarwa: takarda, manne, batir, waya. Farashin da za a ambata nan gaba da dala ne, tunda kayan duk shigo da su ake yi, kuma kuɗinsu a naira ko sefa yana bin canji. Na biyar juriya ga zafi da ƙura da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa. Na shida haɗari, wanda galibi ba na jiki ba ne: ko a kwantar wa mutum hankali a kan ƙarya, ko a tayar masa da shi a banza.

ECG mai taga 12

Ita ce uwa. Manne goma ake sawa su ba da tagogi 12: huɗu a hannaye da ƙafafu, shida a ƙirji. V1 a rami na huɗu tsakanin haƙarƙari, dama da ƙashin ƙirji, V2 a daidai wurin ta hagu, V4 a rami na biyar a kan layin da ya sauko daga tsakiyar ƙashin da ke ƙasan wuya, V3 tsakanin V2 da V4, V5 da V6 a jere da V4 zuwa tsakiyar hammata. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga V1 da V2 sama zuwa rami na biyu, sai P ya kife, a ga abin da babu.

Idan aka yi dace abin ya tashi a gabanta, babu mai kama ƙafarta. Ita ce ke nuna haƙoran zarto ƙarara. Ita ce ke rarrabe VT da SVT mai faɗi, ta hanyar P da ke tafiya da nasa lokacin daban, da siririn tsini guda da ya ratso cikin masu faɗi, da tagogin ƙirji shida da suka fuskanci gefe ɗaya gaba ɗaya. Kuma tana da takarda mai gudu, wadda ake bari tana fita yayin da ake ƙoƙarin karya SVT. Majiyyaci ya hura cikin sirinji mai cin mil 10 na sakan 15 yana kishingiɗe, nan take a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa na sakan 15. A gwajin REVERT da aka yi a Ingila aka buga a 2015, wannan salo ya maido da kashi 43 cikin ɗari daidai, tsohon salon hurawa kawai kashi 17. Ko bai tsayar da saurin ba, ɗan jinkirin da ya kawo yakan tona fulotar da ke ɓoye, amma sai in takarda na gudu.

Abin da mutane ba su cika lura ba shi ne amfaninta ko bayan abin ya lafa. Ɓarauniyar hanyar WPW, wadda Wolff da Parkinson da White suka bayyana a 1930, tana barin sawu: tazarar PR, wato daga farkon P zuwa farkon tsini, ƙasa da ƙananan gidaje uku, da gangare a farkon tsini. Tsawon QT a nan ake auna shi, kuma in wanda aka daidaita da sauri ya kai milisakan 500 akwai haɗari. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin kwinin da kulorokwin da erythromycin da haloperidol duk suna tsawaita shi, balle ga wanda amai da gudawa suka zubar masa da sinadarin potassium. Tabon tsohuwar toshewar jijiya da kaurin zuciyar mai hawan jini duk a nan ake ganinsu. Saboda haka duk na'urar da za a zaɓa daga baya, wannan gwajin ake fara yi. Shi ne kuma mafi arha ga majiyyaci.

Ga mai saye, na kamfanonin Sin irin su Contec da Edan daga ɗaruruwan dala suke farawa, na GE da Philips da Schiller kuma sukan kai dubbai. Na'urar kan yi shekaru da yawa, abin da ke mutuwa shi ne igiyar majiyyaci, a wajen da take lanƙwasa, sai batir. A sayi igiya ta biyu tun ranar farko. Mai sayen ta hannu ya duba abu uku. Wadda ta fito daga Amurka mai yiwuwa matatarta ta hayaniyar wutar lantarki na kan 60 Hz, alhali wutar Najeriya da Nijar 50 Hz ce, sai layin ya yi kauri da gashi-gashi ya binne P. A duba kuma ko ta yarda da wutar 220. Wadda ta fito daga Jamus sau da yawa gudun takardarta 50 ne a maimakon 25: saurin 160 ya bayyana kamar 80, siririn tsini ya zama mai faɗi. Launin wayoyi ma iri biyu ne: a tsarin Turai ja hannun dama ne, a na Amurka ja ƙafar hagu ce. A bi harafin da ke jikin wayar, kada a bi launi. Idan janareta ne ke ba da wuta, a cire filogi a yi gwajin da batir. Takardarta da zafi take rubutu, zafi kuma ke goge ta, don haka wadda aka bari a mota ko aka liƙa da salatif ba ta daɗewa. A ɗauki hotonta da waya tun tana sabuwa.

Gazawarta ɗaya ce, kuma babba: sakan 10.

Holter

Sunan Norman Holter ne, Ba'amurke ɗan jihar Montana, wanda na'urarsa ta farko a ƙarshen shekarun 1940 nauyinta ya kai kilo 38, goyo ake yi. Ta yau ba ta kai tafin hannu ba. Ana manna wayoyi biyar zuwa bakwai, ta naɗi taga biyu ko uku ba tsayawa na awa 24 ko 48, kusan bugawa 100,000 a rana.

Ƙarfinta shi ne tana kama farko da ƙarshe. Ganin yadda sauri ya fara rabin ganewa ne: bugawa guda da ta yi riga-malam-masallaci sannan komai ya ɓarke, SVT ce, hawa a hankali cikin minti biyu kuma kora ce kawai. Tana aiki mutum yana barci, tana kama VT gajere wanda bai ji ba, tana kuma nuna ko maganin mai AF yana riƙe saurin dare da rana.

Sharaɗinta shi ne abin ya kasance kusan kullum. In ba haka ba an biya kuɗin ganin zuciya lafiyayya na kwana guda. Lokacin bazara gumi yana ɓamɓare manne kafin azahar, lokacin hunturu kuma busasshiyar fata da man da aka shafa suna hana kamawa. A aske gashin wurin, a goge da auduga da sipirit, a bari ya bushe, a ɗaure kowace waya da filasta a bar mata ɗan lanƙwasa. Ba a wanka da ita. Alwala ba matsala in an kiyaye ruwa daga ƙirji. A ba majiyyaci takarda ya rubuta lokacin da ya ji abin da agogon da aka daidaita da na na'urar, in ba haka ba babu yadda za a haɗa abin da ya ji da abin da aka naɗa.

Haɗarinta a wajen karatu yake. Goge haƙora, susa, ko tafiya a babur kan hanya mai gargada suna zana abin da manhaja ke kira VT. Mai ido zai ga siraran tsini na asali suna ratsawa cikin hayaniyar a kan lokacinsu. Asibitin da ba shi da mai wannan idon, sayen Holter bai ƙare masa komai ba. Kuɗin na'urar da manhajarta daga ɗaruruwan dala ne zuwa 'yan dubbai, kuma galibi a asibitocin koyarwa da cibiyoyin zuciya na manyan birane ake samunta.

Faci mai mannewa

Holter ce marar waya, mai taga ɗaya, da ake mannawa a saman ƙirjin hagu har kwana 14, kuma ana watsa ruwa da ita. Wadda ta fi suna ita ce Zio ta kamfanin iRhythm. A wani bincike na 2014 kan mutum 146 da aka sa wa duka biyun, facin ya kama matsala 96, Holter ta awa 24 ta kama 61. Sai dai Zio kamfanin ake mayar wa ya karanta ya aiko da rahoto, kuma kowane majiyyaci da sabon kuɗi na ɗaruruwan dala. Ga wanda ke jinya a inda ake wannan hidimar zaɓi ne mai kyau. Ƙaiƙayin fata shi ne ƙorafin da aka fi yi, kuma zafi yana rage kwanakin da mannen ke riƙewa.

'Yar na'urar aljihu

A nan ne lissafin ya sauya a shekarun nan. KardiaMobile ta kamfanin AliveCor ba ta wuce tsawon yatsa ba. A ɗora yatsu biyu na kowane hannu na sakan 30, zanen ya fito a waya, a ajiye shi, a tura wa likita ta WhatsApp. Mai taga ɗaya wajen dala 80 take. Mai taga shida, 6L, wadda ta fito a 2019, ba ta wuce dala 150 ba, kuma tana da ƙarfe na uku a ƙasa da ake ɗorawa kan gwiwa ko idon sawun hagu, a kan fata ba kan wando ba. Batirinta irin na agogo ne, CR2016, yana kai wajen shekara. Babu takarda, babu manne, babu ruwanta da wutar gari in dai waya na da caji.

Hujjar amfaninta tana da ƙarfi. A gwajin IPED da aka yi a sassan gaggawa na Birtaniya aka buga a 2019, cikin kwana 90 an kama zanen zuciya a daidai lokacin da majiyyaci ke jin abin a wurin kashi 55.6 na waɗanda aka ba na'urar, waɗanda aka bi da su ta hanyar da aka saba kuma kashi 9.5. Da yawa daga abin da aka kama ma ba cuta ba ne, kora ce ko ɗan tsallen bugawa, kuma sanin hakan shi kansa magani ne ga mai fargaba.

Bambancin kuɗin da ke tsakanin mai ɗaya da mai shida ya cancanci a biya shi. Mai taga ɗaya taga ta I take bayarwa, wadda ke da rauni wajen nuna P da haƙoran zarto. Mai shida tana ba da II da III da aVF, wato daidai inda fulota take bayyana. Tagogin ƙirji ne babu, don haka ba ta yanke hukunci tsakanin VT da mai kama da shi, ba ta kuma kore toshewar jijiyar zuciya.

Abin da ke ɓata zanen: rawar hannu, magana, waya a jikin caja, busassun yatsu. A zauna, a ɗora hannaye kan cinya ko tebur, a ɗan jiƙa yatsun. Mai taga ɗaya da sautin da kunne ba ya ji take aika saƙo zuwa makirufon waya, saboda haka hayaniya tana dame ta, 6L kuwa da Bluetooth take aiki. Kalmar da manhajar ke rubutawa ta "sauri" ta 100 zuwa 140 ce. Abin da ya wuce haka sau da yawa cewa take ba ta iya tantancewa ba, kuma mutane kan goge zanen don sun ɗauka ya lalace. Wannan zanen shi ne ainihin wanda likita ke nema.

Iyakarta a bayyane take. Sai mutum yana farke, yana cikin hayyacinsa, abin kuma ya daɗe har ya ciro ta ya buɗe waya. Mai suma ba ya gwada kansa.

Agogon hannu

Apple ya sa ECG a agogonsa tun Series 4 a 2018, Samsung da wasu suka biyo. Bayan agogon na taɓa hannu ɗaya, a ɗora yatsan ɗaya hannun a kan maɓallin gefe na sakan 30, a samu taga ɗaya mai kama da I. Fifikonsa a kan na'urar aljihu shi ne yana ɗaure a hannu, cikin sakan kaɗan an fara.

Abu biyu ne a cikinsa da ake cakuɗawa. Koren hasken da ke bayan agogon jini yake kallo a fata, ba ECG ba ne, kuma shi ke aiko da gargaɗin cewa bugawa ba ta kan tsari. A binciken da Jami'ar Stanford ta yi da Apple kan mutum 419,297, wanda aka buga a 2019, kashi 0.52 ne suka samu gargaɗin, kuma cikin waɗanda aka bi su da faci daga baya kashi 34 aka samu da AF. Gargaɗin dalili ne na zuwa gwaji, ba sakamako ba ne. Hukuncin ECG ɗin kansa an gina shi ne don AF, kuma yana tsayawa a 120 a tsohon tsari, 150 a sabo, wato daidai inda SVT ke farawa. Zanen dai yana ajiyuwa, kuma shi ke da amfani.

Kuɗinsa ya fi na kowace na'urar gida: na Apple mai ECG daga wajen dala 400, kuma sai da iPhone. Samfurin SE mai rahusa ba shi da ECG. Na Samsung wayar Samsung yake nema. Manhajar ba a kowace ƙasa aka buɗe ta ba, a duba jerin kamfanin kafin a biya. Kamfanonin sun ce ba don 'yan ƙasa da shekara 22 aka yi ta ba. Caji kusan kullum, batir kuma yana rauni bayan 'yan shekaru. Agogunan kasuwa masu arha da aka rubuta wa ECG a kwali kuwa, gwajinsu mai sauƙi ne: in yana zana layi ba tare da an ɗora yatsan ɗaya hannun a kan ƙarfe ba, ado ne.

Wadda ake dasawa

Reveal LINQ ta Medtronic, wadda ta fito a 2014, siririya ce ƙwarai, ana tura ta ƙarƙashin fatar ƙirjin hagu ta yankan da bai kai santimita ɗaya ba, da allurar kashe zafi a wurin. Batirinta na kai wajen shekara uku, tana naɗa da kanta ko mutum ya suma. A gwajin CRYSTAL-AF na 2014, kan masu shanyewar ɓarin jiki da ba a gano dalili ba, wadda ta gabace ta, Reveal XT, ta gano AF a kashi 12.4 cikin shekara guda, bin da aka saba yi kuma kashi 2. Dubban dala ce, sai likitan zuciya mai na'urar karanta ta, akwai ɗan haɗarin ƙwayar cuta a wurin yankan, kuma tana yawan ƙararrawar ƙarya da sai an tace.

| Na'ura | Tagogi | Tsawon kallo | Kuɗi | Ƙarfinta | Rauninta |
|---|---|---|---|---|---|
| ECG ta asibiti | 12 | sakan 10 | gwaji mai arha, na'ura ɗaruruwa zuwa dubban dala | sa wa sauri suna, WPW, QT | sai an yi dace |
| Holter | 2 zuwa 3 | awa 24 zuwa 48 | matsakaici | farko da ƙarshe, lokacin barci | gumi, ƙarancin mai karatu |
| Faci | 1 | har kwana 14 | ɗaruruwan dala kowane sawa | dogon kallo babu waya | dogaro da kamfani |
| Ta aljihu | 1 ko 6 | sakan 30, duk sanda aka so | dala 80 zuwa 150 | arha, juriya, tura zane | sai mutum na farke |
| Agogo | 1 | sakan 30, da sa ido na haske | daga dala 400 | kullum yana hannu | tsada, gargaɗin banza |
| Ta dasawa | 1 | wajen shekara 3 | dubban dala | suma mai wuyar kamawa | yanka, ƙwararre |

Wa ya dace da wacce

Wanda saurin ke zuwa masa da suma, ko ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko ruɗewa, ko awon jininsa na sama ya faɗi ƙasa da 90, ba ya cikin masu zaɓen na'ura. Sashen gaggawa zai nufa. Haka mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai da matashi uku, zuciyarta na gudu: raunin zuciya na bayan haihuwa, wanda likitoci suka daɗe da rubuta yawansa a Zariya da Kano da Sakkwato, yana buƙatar taga 12 da hoton zuciya na eko a ranar. Wanda wani nasa ya yi mutuwar fuju'a yana matashi shi ma likitan zuciya zai fara gani.

Mai jin abin kullum ko kusan kullum, taga 12 sannan Holter. Mai jinsa sau ɗaya a mako ko a wata, yana ɗaukar minti biyu zuwa sama, ba ya suma: taga 12 sannan 6L, kuma wannan shi ne rukuni mafi yawa. In abin sakan goma ne ya wuce, ta aljihu ba za ta riske shi ba, sai faci ko Holter ta kwanaki. Mai iPhone wanda dama yake da niyyar sayen agogo, ya sayi mai ECG ɗin, amma sayensa takanas don wannan matsala kuɗi ne da ya ninka na 6L kusan sau uku a kan taga ɗaya. Mai yawan fargaba da zai riƙa gwada kansa sau ashirin a yini, gara Holter sau ɗaya da bayanin likita. Dattijo mai hawan jini ko mai ciwon ƙofar zuciya da ake tsoron AF, taɓa jijiyar hannu a kai a kai da ta aljihu sun wadatar a fara. Suma sau biyu a shekara da duk gwaje-gwaje suka kasa bayyanawa, ko shanyewar jiki marar dalili, nan ne kuɗin dasawa ke da hujja.

Ƙaramin asibiti ko cibiyar lafiya mai kuɗin abu ɗaya ta sayi mai taga 12 mai batir da allo, da igiya ta biyu da kwalin takarda, ta kuma kulla da likitan da zai riƙa duba hoton zanen ta waya. In kuɗi ya ragu, 6L guda biyu ko uku da za a riƙa ba majiyyata aro na wata guda sun fi Holter guda amfani. Holter ta jira sai an samu wanda zai zauna ya tace awa 24 na zane, a kuma biya shi ladan zaman.